Kwanakin da Aka Tausaya wa Ƙafafun Kaka

Takalma na fara gani. Shekara uku ke nan da rasuwar kakata, Hajara mai waina ta unguwar Liman Abaji a Keffi, amma da na zauna zan rubuta wani abu a kanta sai na tarar ba ranar rasuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Wata rana ce daban, shekara biyu kafin nan, da muka sauka daga motar Mararaba ni da babana, muka wuce zaure, na ga takalma zube a ƙofar ɗakinta kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a. Akwai silifas na roba, akwai na fata irin na ma'aikata, har da wani ja mai tsini da na tabbata ba na unguwar ba ne. Nata kuwa, shuɗin silifas da ta ɗaure wa igiya da zare, an wanke shi an ɗora a kan taga. Wato an gama yanke cewa mai shi ba za ta sake taka ƙasa ba.

Lokacin na gama firamare, ina jiran shiga sakandare. Ni ba mai magana ba ce. Ko malami ya tambaye ni abin da na sani, sai amsar ta tsaya mini a maƙogwaro. Kaka ba ta kirana da sunana, Bebiyar Mararaba take ce mini, kuma na saba har ina amsawa da kai.

Ciwonta ya faro ne a hankali. Ƙafafu suka yi nauyi, kafaɗu suka sanƙare, tashi daga tabarma ya zama aikin da sai an shirya masa. Ga mantuwa. Takan zuba wa ƙullin waina gishiri sau biyu, takan kira babana da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Gwaggo Asabe, yayar babana da ke aure a Garaku, ta zo jinya. Ita dai ba a gane ko Kaka ta manta sunanta ba, domin 'yar fari ce, dama can ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai “ke” ko “waccan”.

Gwaggo ta kai ta asibiti, aka tura su ɓangaren gashin ƙashi. A can suka samu wani saurayi ɗan bautar ƙasa daga kudu, wanda ya tsinci Hausarsa a kasuwa da tasha. Abin da ya faɗa musu na ji shi har na haddace, don duk baƙon da ya shigo sai Gwaggo ta maimaita masa, har da kwaikwayon murya.

“Ya duba ta sama da ƙasa,” in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. “Ko ƙwaya ɗaya bai rubuta ba. Sai ya ce, ‘Mama ba ya son magani. Mama yana son tausayi. Ku yi masa tausayi safe da yamma. Ƙafa, kafaɗa, wuya. Tausayi sosai.’”

Daga nan sai ɗaki ya ɗauki salati. Kowa ya san abin da ake nufi in likita ya hana magani ya ce a tausaya wa mara lafiya.

Gwaggo mace ce mai bin doka. Tunda likita ya ce safe da yamma, to safe da yamma ne. Da hantsi mata su cika ɗaki, bayan la'asar wasu su karɓe su. Sai a yaye zanen da aka rufa wa Kaka, ƙafafun su bayyana, kowa ya yi tagumi yana kallonsu. Wata tsohuwa ta ce, “Allah sarki ƙafa! Ƙafar da ta je Nasarawa a ƙasa ta dawo!” Wata ta ce, “Wayyo kafaɗa, kin ɗauki itace.” Batun wuya kuwa ba a sha wahalar fassara shi ba. Gwaggo ta ce ai a bayyane yake, Inna ta sha wuya a duniya, sai a tausaya mata a kan wannan ma. Ranar da baƙi suka yi ƙaranci, sai ta leƙa tsakar gida ta kira ni da ɗaliban jami'a biyu da ke haya a ɗakin zaure. “Ku taso, lokaci ya yi.” Mu shiga mu zauna mu ɓata fuska. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai karatun lissafi, yakan yi ajiyar zuciya mai ƙarfi don a san ya ba da nasa kason.

Yau in na tuna ina dariya, amma a lokacin Kaka ta yarda. Ta daina ko yunƙurin tashi. Abinci sai a baki. Ta fara rabon kaya: turmi ga wance, tukwane ga wance, rediyo ga ɗan lissafi saboda ajiyar zuciyarsa ta burge ta. Akuyarta ta ba Gwaggo, washegari kuwa mijin Gwaggo ya zo da babur ya wuce da ita Garaku. Tandar waina, wadda ta girmi babana, ta ba wata Lami da ke suya a bakin tasha. Kullum jikin sai ƙara sanƙarewa yake, kan kuma sai ƙara rikicewa. Akwai safiyar da ta dube ni ta tambayi 'yar gidan wa ce.

Kafin babana ya koma bakin aiki, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Gwaggo, “Yaya, in hutun yara ya ƙare Inna ba ta tashi ba, zan zo da mota in tafi da ita. Can mun fi kusa da manyan asibitocin Abuja.” Gidanmu na Mararaba ɗaki biyu ne a saman bene. Duk rikicewar Kaka, wannan ta ji shi sarai. Daga cikin ɗaki ta ɗaga murya: “In mutuwar ce, a bar ni in yi ta a ƙasa. Ba za a sauko da ni ta matakala ana karo da bango ba.” Babana ya yi kamar bai ji ba, ya bar ni in gama hutu a wurinta.

Mara magana yana da lokacin kallo. Abin da na lura da shi hannun Gwaggo ne. Duk sanda ta zo wurin “tausayi sosai”, sai hannayenta biyu su tashi da kansu, su kama iska su matsa, su ɗan hau sama su sake matsawa, kamar mai matse wanki a hankali. Kullum daga ƙasa suke farawa su yi sama. Ita ba ta san tana yi ba. Ta kwaikwayi muryar saurayin, ashe har hannunsa ta ɗauko.

Na kwana da abin, na tashi da shi, na kasa tunkarar Gwaggo. Sai na zaga gidan Mama Saratu, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, 'yar Eggon mai sayar da kayan miya, wadda takan shigo gaida Kaka ko ranar Lahadi in ta taso daga coci. Na same ta tana gyaran alayyafo. Na tsaya har ta gaji ta ce, “Ke, in aiko ki aka yi ki faɗa.” Sai na ɗaga hannu na yi mata irin na Gwaggo, na ce, “Mama, ana tausayi da hannu biyu?”

Ta dubi hannuna. Ta ajiye wuƙa. Sai ta fashe da dariya har ta zame daga kujera.

“Tausa! Yaron tausa yake nufi! Kai, Hausa, Hausa! Ni ma da aka kawo ni garin nan, ranar farko aka ce mini yau kuka za a yi da dare, na ce wa ya mutu?”

Gwaggo ba ta karɓi zancen da sauƙi ba. “Da kunnena na ji, Saratu. Ni za a koya wa Hausa?” Mama Saratu ta ce, “Kunnenki lafiya lau, Asabe, bakinsa ne ya zame. Mu koma mu tambaye shi, ai bai bar gari ba.”

Ɗaliban nan suka ciccibi Kaka zuwa cikin keke, muka koma asibiti. Da saurayin ya ga yadda ta lalace, fuskarsa ta canja. Ya tambaya ko ana yin abin da ya ce.

“Safe da yamma, ba fashi,” in ji Gwaggo. “Har daga Garaku an zo.”

“Mutum nawa yana yi?”

“Wani lokaci ɗaki ba ya ɗauka.”

“Duka suna taɓa ƙafa?”

“Taɓawa kuma? Kallo dai.”

Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta saurara, ta yi masa bayani da Turanci. Ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka. Ya ba da haƙuri har ya rasa kalma, ya koma “sorry, Mama” yana ta maimaitawa. Kaka ta yafito shi da yatsa.

“Ɗan nan, matso. Wato ba mutuwa zan yi ba?”

“A'a, Mama. Ba yanzu.”

Ta ɗaga ido ta dubi silin. Sannan ta ce, “Ka san na ba da akuyata?”

Ban ga laifinsa sosai ba, domin aikinsa ya iya shi. Ya sa Gwaggo ta gwada, ya ga tana danna ƙafar kamar mai kirɓa sakwara, sai ya dubi hannuna ya ce in matso. Ya nuna mini da tafin hannu ake yi, ba da kan yatsu ba. A shafa man kaɗe, a fara daga idon sawu a hau zuwa gwiwa, a hankali, a tsaya a kan naman sha-raɓa inda ya ɗaure a murza har ya saki. Ba a danna ƙashi, ba a bi ta kan jijiyar da ta kumbura, kuma in wuri ya yi zafi ko ja ko ya kumbura a bari a kawo ta. Daga ƙafa sai kafaɗa, sai bayan wuya, wuyan da ke ɗauke da kai. In an gama a tashe ta tsaye, ko taku kaɗan ne ta yi. Ya ƙara da cewa in riƙa yi mata hira ina aikin. Da Kaka ta ji wannan ta ce, “To, ka haɗa ni da bebiya ka ce hira.”

Hirar ita ta riƙa yi. Ban san yadda abin yake ba, amma da hannuna ya kai sha-raɓarta sai bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin lokacin da hanyar Abuja take siririya, manyan motoci na tsayawa a gaban tandarta cike da leburori masu zuwa aikin sabon birni. “Abujar nan da kuke taƙama da ita, da wainata aka gina ta,” in ji ta. Wata safiya ina tsakiyar murza kafaɗa sai ta ce, “Turmina yana gidan Tabawa.” Da yamma ta tuna wadda ta ɗauki babbar tukunya, da wadda ta ɗauki murfin ba a ba ta ba.

Ba zan ce tausa ce ta dawo mata da tunani ba, don shi kansa saurayin bai yi mana wannan alkawari ba. Cewa ya yi jikin da ya saki yakan samu barci, mai barci da abokin hira kuma kansa yakan ɗan washe. Wataƙila hannun ne, wataƙila hirar, wataƙila kuma haushin kayanta ne kawai. Mantuwar ba ta tafi duka ba. Har ta bar duniya akwai ranakun da take kiran babana da sunan ƙaninta. Amma ba ta sake tambayar 'yar gidan wa ce ni ba.

Tafiya ta faro daga bakin gado zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa zaure. Ranar da ta ce a sauko mata da silifas daga taga, ashe ba yawo za ta ba, karɓar kaya za ta. Muka fara da gidan da ya fi kusa, tana dafe da kafaɗata, muna hutawa a kowane dakali. Kullum sai mu ƙara nisa, saboda masu kayan ma nisansu ya bambanta. Tabawa ta so ta yi gardama, ta ce, “Haba Kaka, ai ba ni kika yi, a gaban mutane.” Kaka ta ce, “Mai mutuwa ce ta ba ki. Ta fasa.” Ɗan lissafi bai jira an zo ba, da kansa ya kawo rediyo har da sabon batir. Akuya kuwa sai da aka yi aike uku kafin ta dawo daga Garaku, ta dawo da ciki, Kaka ta ce wannan ladan zaman baƙunta ne, ba na mijin waccan ba.

Yanzu in na bi ta hanyoyin da muka bi, nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin. Inda take kafa tanda ya zama shagon sayar da waya, gefensa mai POS. Gonakin da ke bakin hanya an yanka su fuloti-fuloti, an kafa alluna masu hoton gidajen da ba a gina ba tukuna. Dakalan da muke hutawa a kai an rushe da yawa an yi ɗakunan ɗalibai, har nakan yi tunanin tsohon da ke koyon tafiya yau a ina zai zauna ya huta. Babana, wanda ya so ya kai ta Mararaba, haya ta koro shi, yanzu a ɗakinta yake kwana, yana sammakon motar Abuja, ya dawo da yamma bayansa a ƙage saboda cunkoson hanya. Ya sayo wata na'ura mai kama da bindiga da ake caji, tana dukan baya tana kuka. Na san abin da Kaka za ta fara tambaya: in an ɗauke wuta, wa zai yi? Wata ƙawata kuma ta nuna mini a waya wani gida a Abuja da ake tausa da duwatsu masu ɗumi, an kunna kyandir, ba mai cewa komai. Wannan shirun ne ba za ta yafe musu ba.

Na kuma lura har yanzu muna da saurin cika ɗakin tsoho mara lafiya. Mu zube takalma, mu yi tagumi, mu ce Allah ya sawwaƙe, mu tashi. Ba na raina wannan, zumunci ne, kuma Kaka ma ta yi wa wasu. Sai dai a cikin duk matan da suka cika ɗakinta a kwanakin nan, ban ga wadda ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar ba, har ni. Ƙafar tana nan a gabanmu, a sanyaye, muna ta yi mata magana.

Ba ta bar dukiya ba. Tandar ta koma wurin Lami a karo na biyu, wannan karon ba mai zuwa karɓa. Jikokin akuyar suna nan suna cin bangon gida. Abin da ya rage mini nata yana tafin hannuna: na san inda naman tsoho yake ɗaurewa, na san nauyin da yake iya ɗauka, kuma na san in ka daɗe kana murzawa, labari zai fito. Ta ƙara shekara biyu tana zuwa kasuwa da ƙafarta, ta rasu a ɗakinta, a kan tabarmarta. Amma saura kaɗan hakan ya gagara, ko bayan ta tashi.

Da hutu ya ƙare babana ya zo da motar haya kamar yadda ya ce. Bai same mu a gida ba, mun tafi bakin tasha karɓo tanda, tafiya mafi nisa da muka taɓa yi. Yana zaune a tsakar gida muka shigo, ni da tanda a ka, Kaka a gaba tana faɗan yadda Lami ta bar mata ita da maiƙo. Ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar.

Bayan an ci abinci murna ta lafa, sai ya kawo abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Gwaggo za ta koma Garaku, girbi ya zo. Mama Saratu tana kasuwa tun safe. Saurayin asibiti kuma ya ce in aka daina, jikin zai koma yadda yake. “Inna, wa zai riƙa yi miki? Yarinyar nan an ba ta makaranta a can, har an ɗinka mata yunifom. Ki zo mu tafi, in ya so ta ci gaba da yi miki a gida.”

Na jira Kaka ta yi masa irin amsar da ta saba. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan turmin da ta karɓo da ƙafarta, ta dubi tukwanen, ta dubi akuya, ta sunkuyar da kai. Ba za ta ce a hana ni makaranta saboda ita ba, kuma ba ta da wata hujjar. Direba ya yi oda a waje.

Ban taɓa roƙon babana komai baki da baki ba, ko fensir sai ta wurin mamata. Na ji maganar ta zo ta tsaya inda ta saba tsayawa. Na matse hannuna da ke ƙamshin man kaɗe, na ɗaga kai na dube shi.

“Baba,” na ce, “a nan ma akwai makaranta. Don Allah ka sallami mai motar, ka bar ni da ita.”